Tsoron Allura da Haƙƙin Tambaya: Abin Lura Daga Lamashegu

Gabatarwa

Kalmar rigakafi haɗi ce ta kalmomi biyu, wato riga da kafi. Kafi shi ne shingen itace da mutanen da suke kewaye gari ko sansani da shi, kuma da wannan suna ake kiran tsarin da ake binnewa domin kare gida. Wanda ya yi rigakafi ke nan ya riga masifa kafa shinge. Shi ya sa Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani. Sai dai akwai wata wahala da karin maganar bai ambata ba. Magani mai ciwo ake ba wa, shi kuwa mai ciwo ya riga ya ƙosa, duk abin da aka miƙa masa zai karɓa. Rigakafi kuwa lafiyayye ake yi wa. Uwa takan ɗauki jariri yana wasa lafiya lau, a soka masa allura a cinya, da dare jikinsa ya yi zafi ya hana gida barci. Ciwon da aka kare shi daga gare shi ba ta gan shi ba, amma zazzaɓin da allurar ta kawo a hannunta ya kwana.

Lamashegu unguwa ce a kudancin Tamale, babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Gana, mai kasuwa da masu sana'ar hannu iri-iri. Dagbanci ne harshen mafi yawan gidaje, Hausa kuma ta daɗe tana aiki a Tamale a matsayin harshen zango da ciniki da wa'azi. Saboda haka maganar da aka yi a Kano ko Sakkwato ba ta buƙatar tafinta kafin ta shiga kunnen mutane da yawa a garin, musamman yanzu da saƙon murya ke tsallaka iyaka ta WhatsApp cikin ƙiftawar ido. Tambayar da ke bakin iyaye a nan ita ce ta ko'ina: shin wannan allura ba za ta yi wa yaro illa ba? Tambaya ce halattacciya, kuma wajibin hukuma ne ta amsa ta da gaskiya tun kafin a soka allura. Haka nan wajibin iyaye ne su san cewa ƙin rigakafi shi ma zaɓi ne mai nasa haɗarin, wanda a mafi yawan lokaci ya fi na allurar nesa ba kusa ba.

Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Masu ɗaukar shakkar iyaye a matsayin jahilci tsantsa sun manta da tarihi. A shekarar 1996, lokacin da annobar sanƙarau ta yi ɓarna a arewacin Nijeriya, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, aka ba kimanin rabinsu sabon maganin, saura kuma wani sanannen magani. Yara 11 sun rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su, iyaye kuwa suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Trovan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ba shi da alaƙa da rigakafi, amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Shekara bakwai bayan gwajin, a 2003, aka fara yaɗa cewa ɗigon rigakafin shan-inna yana ɗauke da sinadarin hana haihuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau. Dakta Datti Ahmed, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci a Nijeriya, yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin. Kano, ƙarƙashin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma samo maganin daga kamfanin Bio Farma na Indunusiya, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Ba a tabbatar da zargin ba, amma ɓarnar ta riga ta auku. Cutar ta bazu daga arewacin Nijeriya zuwa ƙasashe kusan 20 da a baya suka rabu da ita, har ta kai Sudan da Yaman da Indunusiya. Gana tana cikin ƙasashen da cutar ta sake shiga, kuma sai a 2008 aka ga ƙarshen asalin ƙwayar shan-inna a ƙasar. Nahiyar Afirka kuwa sai ran 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana cewa ta rabu da ita.

Ita ma Gana tana da nata labarin. A watan Yuni na 2015 aka dakatar da shirin gwajin rigakafin Ebola da za a yi a Hohoe, a Yankin Volta, bayan 'yan majalisa da jama'ar gari sun yi ca a kansa. Mutane da yawa a rediyo suka fara jin labarin, tare da jita-jitar cewa za a shigo da cutar ne a sa wa mutane. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta ƙasar ta riga ta duba shirin ta amince da shi, amma amincewar ofis daban, yardar jama'a daban. Darasin Kano da na Hohoe ɗaya ne: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma rashin bayani a kan lokaci shi ne tsagewar.

Tsoro Iri Uku

Kuskure ne a tara duk fargabar iyaye a ƙwarya ɗaya, domin iri uku ce, kuma kowace da amsarta.

Ta farko ita ce fargabar abin da ake gani da ido: zazzaɓi, kuka, kumburin wurin allura. Wannan gaskiya ne, yana faruwa. Allurar nan mai kare yaro daga cututtuka biyar, wadda a Gana ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14, takan kawo zafin jiki na kwana ɗaya ko biyu. Allurar tarin fuka da ake yi wa jariri bayan haihuwa takan fitar da ɗan ƙurji a dantse bayan 'yan makonni, ya fashe, ya warke, ya bar tabo. Waɗannan alamu ne na cewa garkuwar jiki ta fara aiki. Uwar da aka gaya wa haka tun a wurin awo, in zazzaɓin ya zo sai ta ce ma'aikaciya ta yi gaskiya. Wadda ba a gaya wa ba kuwa, kaka ko kishiya ko maƙwabciya ce za ta fassara mata abin da ya faru, maigida kuma ya yanke hukuncin cewa ba za a sake kai masa ɗa ba. Yawancin yaran da suka fara rigakafi ba su ƙarasa ba ba a masallaci ko a Facebook aka rasa su ba. A daren allurar farko aka rasa su.

Ta biyu ita ce fargabar illa mai tsanani. Ita ma tana da tushe, ko da yake aukuwarta ba ta da yawa. Akwai mummunan borin jini mai toshe numfashi, wanda kan sami kimanin mutum ɗaya cikin allurai miliyan, yana kuma bayyana cikin mintoci kaɗan. Shi ya sa ake so a ɗan zauna bayan allura, a kuma ajiye maganinsa a kusa. A watan Maris na 2021 wasu ƙasashen Turai sun dakatar da rigakafin korona na AstraZeneca, a watan Afrilu kuma hukumar magunguna ta Turai ta tabbatar da cewa yana iya haddasa wani irin daskarewar jini ga mutane ƙalilan ƙwarai. Wannan shi ne rigakafin da Gana ta karɓa ran 24 ga Fabrairu, 2021, allurai 600,000, ta zama ƙasa ta farko da shirin COVAX ya kai wa. Wanda ya ji labarin Turai a Lamashegu ya ja da baya bai yi wauta ba. Abin da ya kamata ya ji tare da labarin shi ne yawan waɗanda abin ya shafa, da kuma cewa tsarin sa-ido ne ya gano illar ya sanar da duniya.

A cikin wannan rukuni akwai kuskuren ɗan Adam. A tsibirin Samowa, a watan Yuli na 2018, jarirai biyu sun mutu bayan allurar ƙyanda, domin ma'aikatan jinya sun haɗa maganin da wani ruwan magani na daban maimakon ruwan da aka tanada. Aka dakatar da rigakafin na watanni, iyaye suka ƙaurace. A ƙarshen 2019 ƙyanda ta ɓarke ta kashe mutum 83, mafi yawansu yara ƙanana, a ƙasar da mutanenta ba su wuce kimanin 200,000 ba. Kuskuren hannu ya ci rai biyu, tsoron da ya biyo baya ya buɗe ƙofar da ta ci fiye da tamanin.

Ta uku ita ce fargabar makirci: cewa ana so a rage yawan Musulmi ko baƙar fata, ko a hana 'ya'ya mata haihuwa. Wannan ce ba ta da hujja. Yaran da aka ɗiga wa rigakafin shan-inna a Kano da Tamale shekaru ashirin da suka wuce yau su ne iyaye masu goyo, kuma yankunan da aka fi yawan zagayen ɗigon suna cikin waɗanda suka fi yawan haihuwa a duniya. Gani ya kori ji. Duk da haka zargin yana da tsawon rai, domin yana jingina da tambayar da ba a cika amsawa ba: me ya sa ake bin mutum har gida da ɗigo kyauta, alhali in yaronsa ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro sai ya nemi kuɗin magani? Amsar ita ce shan-inna cuta ce da ake iya kawarwa daga duniya baki ɗaya kamar yadda aka kawar da agana, wadda aka ayyana ƙarewarta a 1980, don haka ƙasashe da ƙungiyoyi suka zuba mata kuɗi na musamman. Amsa ce ta gaskiya, amma ba za ta gamsar ba sai an ga asibitin unguwa yana da magani da ma'aikata masu sakin fuska.

Gaskiya Mai Nauyi

A tsakiyar 2019 aka gano ƙwayar shan-inna a samfurin ruwan kwata da aka ɗiba a Tamale. A watan Agusta kuma aka tabbatar da cutar a jikin wata yarinya 'yar ƙasa da shekara uku a gundumar Chereponi, kusa da iyakar Togo. Binciken ƙwayar ya nuna danginta daga Jihar Jigawa ya taso. Abin da ya sa wannan lamari ke da wuyar bayani shi ne ƙwayar ta samo asali ne daga rigakafin kansa. Ɗigon baki yana ɗauke da ƙwaya mai rai wadda aka raunana. Yaron da aka ɗiga wa yakan fitar da ita a bayan gida na wasu makonni. Inda kusan dukan yara suka sami rigakafi, sai ta rasa jikin da za ta shiga, ta mutu. Inda aka bar yara da yawa babu kariya, ga kuma ƙarancin tsafta, sai ta yi ta yawo daga wannan zuwa wancan na tsawon shekara ko fiye, tana sauyawa, har ƙarfinta ya dawo ta shanye ƙafar yaro.

Wani zai ce irin wannan bayani bai kamata ya fita daga ɗakin likitoci ba, domin mai neman dalilin ƙi zai ɗauki rabinsa ya bar rabi. Wannan tunani yana da nauyi, amma bai yi daidai ba. Bayanin yana nan a intanet, kuma gara uba ya ji shi cikakke daga bakin ma'aikacin lafiya da ya ji gutsurensa daga bakin mai yaɗa tsoro. Cikakken bayanin kuwa hujja ce ta yin rigakafi: yaron da wannan ƙwaya ke kamawa shi ne wanda ba a yi wa ba ko ba a kammala masa ba. Saboda wannan matsala ce aka ƙera sabon ɗigo wanda ƙwayarsa ba ta saurin sauyawa, aka fara amfani da shi a Nijeriya a watan Maris na 2021. Hukumar da ta faɗi aibin kayanta ta kuma nuna gyaran da ta yi ta fi cancantar a yarda da ita.

Rigakafin zazzaɓin cizon sauro misali ne na yadda ake yin abin. Babban gwajin RTS,S, wanda cibiyar binciken lafiya ta Kintampo ta shiga, ya bar wasu tambayoyi, ciki har da ko yana ƙara haɗarin sanƙarau. Maimakon a binne tambayoyin, sai aka fara ba da shi a zaɓaɓɓun gundumomi na Gana da Kenya da Malawi a 2019 ana bibiya. Da aka ga zargin bai tabbata ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi ran 6 ga Oktoba, 2021. Ƙididdigar shirin ta nuna mutuwar yaran da suka kai shekarun karɓarsa ta ragu da kashi 13 cikin 100. A watan Afrilu na 2023 Gana ta zama ƙasa ta farko da ta amince da na biyu, wato R21.

Ƙi Ma Yana Da Farashi

Uban da ya hana a yi wa ɗansa allura yakan ɗauka ya tsaya ne a wuri mai aminci, bai yi ba bai bari an yi ba. Alhali kuwa ya zaɓi haɗari ɗaya ne a kan wani. Ƙyanda takan kama kusan mutum tara cikin goma na marasa kariya da suka kusanci mai ita, tana makantarwa, tana kawo ciwon huhu, tana kisa. Allura biyu, a wata na 9 da na 18, suna ba da kariya kimanin kashi 97 cikin 100, kuma sai kashi 95 na yaran gari sun samu kafin cutar ta kasa yaɗuwa. Ma'ana, hukuncin gida ɗaya yana shafar jaririn maƙwabta da bai kai wata tara ba. A watan Oktoba na 2021 shawara ta ɓarke a Yankin Savannah, yamma da Tamale, ta fi yin ɓarna a cikin makiyaya da baƙin da ba su taɓa samun allurarta ba, alhali allura ɗaya tak ta isa kare mutum tsawon rayuwa. A ɗaya ɓangaren, tun da aka yi gangamin allurar sanƙarau nau'in A a arewacin Gana a 2012, wannan nau'i da ya saba addabar mutane da rani ya zama abin da ba a cika gani ba.

Adalci kuma ya buƙaci a faɗi cewa ba duk yaron da ya rasa allura ne iyayensa suka ƙi ba. A ƙarshen 2022 da farkon 2023 rigakafin ƙyanda da na tarin fuka da ɗigon shan-inna sun yanke a asibitocin Gana, a daidai lokacin da ƙyanda ke yaɗuwa a arewa. Iyaye mata sun yi ta zuwa awo ana mayar da su, har sai da aka samo wani kaso a watan Maris na 2023. Matar da ta rufe tebur a kasuwa, ta biya kuɗin babur sau biyu ko uku aka ce mata babu, ba za a kira ta mai taurin kai ba in ba ta dawo ba. Hukumar da ke neman amana dole ta fara cika alƙawari.

Abin Da Ya Kamata

Na farko, bayani kafin allura, cikin Dagbanci ko Hausa ko duk harshen da uwa ta fi ji: sunan cutar, abin da za a gani da dare, abin da za a yi, da alamar da ke nuna a dawo asibiti nan take. Minti biyu ne, amma su ne ke tabbatar da dawowar mako na 10.

Na biyu, a sanar da jama'a cewa akwai inda ake kai ƙorafi. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Gana tana karɓar rahoton illar magani da ta rigakafi ta hannun ma'aikatan lafiya da ta manhajar Med Safety, kuma a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a mataki na uku na ƙwarewa, matakin da ƙasashen Afirka kaɗan suka kai a lokacin. Amma rahoton da aka karɓa ba a dawo wa iyali da sakamakonsa ba, a wurinsu daidai yake da wanda aka jefa rijiya.

Na uku, a sa maza cikin zancen. Uwa ce ke kai yaro awo, amma sau da yawa izini a hannun uba ko kaka yake. Majalisar bakin kasuwa da garejin makanikai da harabar masallaci bayan sallar Juma'a sun fi allon sanarwa na asibiti isar da saƙo. Nijeriya ba ta ci nasara a kan shan-inna ba sai da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar III da sauran sarakuna suka rungumi aikin daga 2009. A Gana, Shugaba Nana Akufo-Addo ya karɓi allurar korona a bainar jama'a ran 1 ga Maris, 2021, haka ma Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya miƙa nasa dantsen. Irin wannan shaida tana da tasiri ne in shugaban ya fahimci abin da yake kira a kai, yana kuma iya amsa tambaya.

Na huɗu, a yi hattara da tilas. Tilas tana iya cika rajista, amma takan mayar da mai shakka abokin gaba, ta kuma ba mai zargin makirci hujjar da yake nema.

Kammalawa

Iyayen Lamashegu da na sauran wurare suna da haƙƙin su tambaya, a kuma amsa musu ba da tsawa ba. Amma tambaya tana da ladabinta: a kai ta ga wanda ya sani, a saurari amsa har ƙarshe, a kuma auna haɗarin allura da na cutar a ma'auni ɗaya. Saƙon muryar da ba a san mai shi ba, ba sunan asibiti, ba kwanan wata, bai kai a jingina lafiyar yaro a kansa ba, kuma wanda ya tura shi gaba yana da kaso a abin da ya haifar. Yaron da ake yanke wa hukunci ba ya cikin shawara, shi ne kuma zai ɗauki sakamakonta a ƙafarsa ko idonsa har tsufa. Katin awo da aka cike har wata na 18 yana daga cikin mafi arhar kafin da uba zai iya kafa wa gidansa.